Sunayen Fitila: Darasi Daga Japan, Tarihi Daga Ƙasar Maraɗi

Gabatarwa

Wata rana cikin hunturun da ya wuce, ina karanta wa ɗaliban ajin farko na koleji wani nassi na Faransanci, sai muka ci karo da kalmar "lampe-tempête". Kamar yadda na saba, na nemi su faɗa mini sunan abin da Hausa. Wani ya ce tocila, wani ya ce sola. Can daga baya wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, fitilar ƙwai ce, kakata tana da ita rataye a ɗaki, amma ba a kunna ta." Na yaba mata, sannan na tambayi ajin sunan zaren nan da ke shan kananzir yana ci da wuta. Aji ya yi tsit. Da na rubuta "lagwani" a allo, babu wanda ya nuna alamar ya taɓa jin kalmar. Da na ƙara da "alkuki", sai dariya ta ɓarke, domin sun ɗauka sunan wani abinci ne.

Da na koma gida a wannan daren, idona ya faɗa kan wata tsaraba da wani abokin aikina ya kawo mini shekarun baya daga ƙasar Japan, inda ya je ƙarin horo. Fitila ce ta takarda, wadda ake naɗewa ta kwanta kamar faifai, a buɗe ta ta miƙe kamar zugazugin maƙeri. Ranar da ya ba ni ita ya gargaɗe ni da cewa sunanta "chochin", kada in kira ta "andon" ko "bonbori", domin kowace da siffarta da aikinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙasar da ta yi fice a duniya wajen ƙera kayan lantarki har yau tana riƙe da sunayen fitilun kakanninta, alhali mu da muka rabu da kananzir jiya-jiya, ƴaƴanmu sun fara manta sunan lagwani.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sunayen fitila kundin tarihi ne. Duk wanda ya jera su bisa tsari zai karanta hanyoyin fatauci da sauyin mulki da yadda mutanen gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Runji suka rayu da dare. Zan fara da misalin Japan, domin wani lokaci sai ka leƙa gidan maƙwabci kake gane abin da ke naka.

Fitilun Japan da sunayensu

Mafi tsufa a cikinsu ita ce "toro", wadda ba ta da wata dangantaka da toron agwagwa namu. Fitila ce ta dutse ko ta tagulla da ake kafawa a harabar wuraren ibada. Ta shigo Japan daga ƙasar Sin tare da addinin Buda, wanda ya isa can a ƙarni na 6. A birnin Nara akwai wata ta tagulla mai kusurwa 8 a gaban haikalin Todai-ji wadda ke tsaye tun ƙarni na 8, kuma a wurin ibadar Kasuga na wannan birni akwai fitilu kusan 3,000 da ake kunnawa gaba ɗaya a watan Fabrairu da na Agusta.

Ta cikin ɗaki ita ce "andon", wadda ta yaɗu a zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868. Ana yin ƙirarta da itace ko gora, a lulluɓe da takarda, a ajiye ɗan kasko na mai a ciki tare da lagwanin da aka ciro daga bargon wata ciyawar fadama. Mai hali yana zuba man wani tsiro da ake nomawa domin ƴaƴansa, talaka kuwa man kifi yake samu, mai hayaƙi da ƙarni. Ita kanta andon ta rabu gida-gida. "Oki-andon" ita ce ta ajiyewa a ƙasa, "kake-andon" ta ratayewa a bango ko ƙofar kanti, "ariake-andon" kuma ta gefen shimfiɗa ce, wadda ake rufe haskenta ya rage kaɗan har wayewar gari. Haruffan da ake rubuta sunan andon da su suna nufin fitilar tafiya, domin da farko ɗaukarta ake yi a hannu. Bayan ta zauna a ɗaki sunan bai canza ba, ya ci gaba da ba da shaidar asalinta.

Wadda ta karɓi aikin tafiya ita ce "chochin". Ana lanƙwasa siraran tsinken gora a zagaye, a manna takarda a kai, a kafa kyandir a gindi. Irin wadda ake naɗewa ta bayyana wajen ƙarshen ƙarni na 16. Matafiyan babbar hanyar Tokaido sun san "Odawara-chochin", wadda ta ɗauki sunan garin Odawara, ƙarama ce da ake naɗewa a sa a ƙirjin riga. "Yumihari-chochin" tana da mariƙi mai kama da baka, "takahari-chochin" kuma a kan doguwar sanda ake ɗaga ta a ƙofar gida ko a gaban ayari. A jikin takardar ana zana tambarin zuriya ko sunan kanti, ta yadda tun daga nesa za a san mai zuwa. "Akachochin", wato jar fitila, ana rataye ta a ƙofar ƙananan gidajen ci da sha, har kalmar ta koma sunan gidajen kansu. Sai "bonbori", mai kusurwa 6 a galibi, mai taushin haske, wadda ake jerawa a bukukuwa.

Kalmomin sun shiga har cikin habaici da karin magana. Mutumin da ba ya tsinana komai ana kiransa "hiru-andon", fitilar tsakar rana. Wanda ya mayar da yabon wani sana'a kuwa "chochin-mochi" ne, mai riƙe wa wani fitila, kusan abin da mu muke kira ɗan amshin Shata.

Dalilin da ya sa ba mu yi fitilar takarda ba

Mai karatu zai iya tambaya: me ya hana Bahaushe, wanda ya gwanance a jima da saƙa da rini da ƙira, yin fitilar takarda? Amsar tana cikin tarihin takardar kanta. Japanawa suna yin tasu takardar, "washi", daga ɓawon wasu itatuwan ƙasarsu, kuma gora tana tsiro a bayan gidajensu. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin jerin al'adun da duniya ta gada. A ƙasar Hausa kuwa takarda baƙuwa ce mai tsada. A ƙarni na 19 mafi yawanta daga Italiya take fitowa, irin mai tambarin jinjirin wata uku, ta sauka a Tarabulus, raƙuma su ratsa Sahara da ita. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya bi ta Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya lissafa takarda cikin hajar da ake shigowa da ita kasuwar Kano daga arewa.

Abin da ya sha irin wannan tafiya ba a kusantar da shi ga wuta. Takarda ta Alƙur'ani ce da littattafan fiƙihu da wasiƙun sarakuna da laya. Almajiri ma a kan allo yake koyon rubutu, ya wanke ya sake, sai ya yi nisa sannan a damƙa masa takarda. Ga kuma ɗakunan shibci da dangar kara da iskar hunturu, waɗanda ba su jituwa da wuta a cikin takarda. Saboda haka kalmominmu na haske suka bi kayan da ƙasarmu ta tanada, wato yumɓu da ƙarfe da auduga da mai da kara.

Zamanin kasko da alkuki

Kalmar "fitila" kanta ita ce shafin farko na wannan kundi. Daga Larabci ta zo, daga "fatila", wadda ke nufin murzajjen zare, wato lagwani. Bahaushe ya ɗauki sunan ɓangare ya ba wa abin gaba ɗaya. Kalmar ba ta tsaya a wurinmu ba, domin Zabarmawa da Fulani da Yarbawa duk suna da ita cikin siffa mai kama da tamu. Wannan yaɗuwa tana nuna sawun malamai da fatake a faɗin Afirka ta Yamma. Abin lura kuma shi ne, yayin da kalmomi irin su alƙalami da allo da allura da almakashi suka shigo tare da "al" ɗinsu na Larabci, ita fitila ta shigo ba tare da shi ba.

Fitilar wancan zamani ba ta da wuyar yi. Ɗan kasko ne na yumɓu, ko ɗan cokali mai faɗi da maƙeri ya ƙera da tsini na kafawa a bango ko a ƙasa. A zuba man kaɗanya ko man gyaɗa, a murza auduga ko tsumma a kwantar a ciki, a bar bakinsa a waje. Magini kuma yakan bar ɗan gurbi a jikin bangon soro ko zaure domin ajiye ta, shi ne alkuki. Wanda ya shiga tsofaffin gidajen ƙasa na Tsibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ko na wasu tsofaffin garuruwanmu, in ya duba bango da kyau zai iya ganin irin wannan gurbi da baƙin hayaƙi a samansa. Malaman tafsiri sun daɗe suna amfani da wannan hoto in sun zo aya ta 35 ta Suratun Nur, inda aka ambaci gurbin bango da fitila da ƙarau da man zaitun. Mai sauraron da ya tashi da alkuki a ɗakin mahaifinsa ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane misalin. Na yau kuwa sai an fara yi masa bayanin bangon tukuna.

Sai dai kada mu ɗauka kowane gida yana kunna fitila a kowane dare. Mai abinci ne kafin ya zama haske, kuma uwar gida ba za ta ƙona abin da za ta sa a miya ba sai da dalili: baƙo, ko haihuwa, ko jinya, ko neman kunamar da ta harbi yaro. Sauran dare na murhu ne da farin wata. Ana ƙyasta wuta da ƙyastu, ko a aiki yaro maƙwabta ya ɗebo garwashi a katanga, ko a ɗauki bakin wuta a haska hanya zuwa rumbu. A makarantar allo almajirai ne ke yo kara da kirare da yamma, a hura wuta a tsakiya, a kewaye ta da alluna bayan magariba da kuma kafin asuba. Daga nan harshe ya sami "wutar kara", abin da ke tashi da ƙarfi ya mutu nan da nan. Wasan dandali da gaɗa kuwa suna bin kwanan wata, tatsuniya kuma ta dare ce, har ana tsorata yara kada su yi ta da rana. Mutanen da suka rayu haka su ne suka yanka dare gunduwa-gunduwa da sunaye: magariba, almuru, lisha, tsakar dare, talatainin dare, asuba. Su ne kuma suka ce dare mahutar bawa, suka ƙara da cewa dare rigar mugu.

Zamanin kananzir

Shafi na biyu ya buɗe ne daga nesa ƙwarai. A 1853 Ignacy Lukasiewicz ya haɗa fitilar da ke aiki da tataccen man ƙasa a birnin Lviv, a 1854 Abraham Gesner ya yi rajistar sunan "kerosene" a Amurka, a 1859 kuma aka haƙa rijiyar mai ta Edwin Drake a jihar Pensilbaniya. A ƙarshen shekarun 1860 aka ƙirƙiro fitila mai bututu biyu a gefe da gilashi a tsakiya, wadda iska ba ta kashewa. Ita ce Faransawa suka kira "lampe-tempête".

Hanyar da wannan kaya ya biyo zuwa gare mu tana rubuce a cikin sunansa. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa turakun iyakar da ta raba ƙasar Katsina da Gobir gida biyu, aka bar mu a hannun Faransa. Amma jirgin ƙasa ta kudu ya zo: ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Lokacin da cinikin gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi daga shekarun 1930, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna, gyaɗarmu ta bi ta Kano zuwa teku, haja kuma ta biyo wannan hanya ta dawo. Shi ya sa, ko da yake Faransanci ne harshen mulki da na lakwal a nan, manomin Cadawa ko na Cadakori "kananzir" yake cewa, kalmar da ta fito daga Ingilishi. "Kyandir" ma daga Ingilishi take, haka "tocila". "Ashana" kuwa daga Yarbanci ta zo, abin da ke nuna hannun da ya miƙo ta daga bakin teku. Wannan darasi ne ga mai nazarin tarihi: mai mulki daban, mai kawo haja daban, kuma a kasuwa harshe mai kawo haja yake bi.

Bahaushe bai tsaya ga aro kawai ba. Da ya dubi gilashin fitilar, mai kumburin ciki da saurin fashewa, sai ya kira shi ƙwai, fitilar kuma ta zama fitilar ƙwai. Da masu aikin gwangwani suka ga ba kowa ke iya sayenta ba, sai suka ɗauki gwangwanin madara ko na tumatir, suka huda murfi, suka liƙa ɗan bututu, suka zura tsumma. Harshen wutarta ba shi da kariya, yana rawa yana tuƙa hayaƙi, saboda haka aka raɗa mata suna daga yadda take ci: aci-balbal. Ban san wani suna da ya fi wannan dacewa da mai shi ba, domin kunne yana jin abin da ido ke gani. Ita ce fitilar mai tsire da mai ƙosai da mai shayi a tashoshin babbar hanyar da ta ratsa Gidan Runji da Tsibiri da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa. A can sama kuma akwai Petromax, wadda Max Graetz ya ƙirƙiro a Balin a 1910, mai famfo da farin haske da huci, ta gidan sarki da kantin alhaji da dandalin biki.

Har mazubin kananzir ɗin ya bar mana gado. Garwa, gwangwanin nan mai cin lita kusan 18, da an juye man sai ta zama abin ɗibar ruwa da ma'aunin hatsi da na mai, masu sayar da ruwa kuma suka rataya biyu a sanda suka shiga gari da su.

Waɗanda muka yi lakwal a shekarun 1980 da 1990 mun san ladubban wannan fitila kamar yadda muka san karatunmu. Kafin magariba a goge ƙwai da toka da tsumma, a datse bakin lagwani don kada ya yi hayaƙi, a jijjiga a ji ko da sauran mai. In an ɗaga lagwani da yawa ƙwai ya yi baƙi, in ruwa ya ɗiga masa yana da zafi ya tsage, mai tsautsayin kuma ya kwana da kuka. A gidanmu fitila ɗaya ce tsakanin mu masu bitar darasi da mahaifiyarmu mai kaɗi, kuma in an ce "a rage fitila" mun san kwalbar kananzir ta kusa ƙarewa, ranar kasuwa kuwa da saura. Fitilar ƙwai tana cikin kayan ɗakin amarya, ana jera ta tare da tasoshi da kwanoni. Duk wannan ilimi ne mai kalmominsa, kuma a cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya ya zo ya wuce.

Wuta, kuran da sola

Shafi na uku na lantarki ne, kuma a nan ne zamanmu na bakin iyaka ya fi bayyana. Kusan kowane abu suna biyu gare shi a bakinmu. Muna cewa lantarki, daga Ingilishi, muna kuma cewa kuran, daga Faransanci. Muna cewa batir, muna cewa pil. Muna cewa ashana, muna cewa alimeti. Amma idan abin ya zo ga maganar yau da kullum, tsohuwar kalma ce ke rinjaye: an kawo wuta, an ɗauke wuta. Gilashin da ke rataye a silin kuma ya gaji sunan na fitilar kananzir, ya zama ƙwan lantarki. Ko aikatau ɗin ba su canza ba, domin har yau kunnawa muke yi mu kashe, kamar dai akwai harshen wuta a ciki.

An kafa kamfanin NIGELEC a 1968. A 1994 aka fara aiki da babban layin da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Garin da Barth ya ratsa da raƙuma ya zama mararrabar wutar jahohi biyu, kuma hasken ya sake biyo hanyar kudu, kamar yadda kananzir ya yi. Mun ga abin da wannan dogaro yake nufi a watan Agusta na 2023, sa'ad da Nijeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Ƙauyuka masu yawa kuwa ba su ji bambanci ba, domin waya ba ta taɓa isa gare su ba.

Abin da ya kashe aci-balbal da fitilar ƙwai a ƙauye ba layin wuta ba ne. Ƙananan fitilu ne masu arha na batir da na caji, ƙirar ƙasar Sin, waɗanda suka cika kasuwanninmu daga tsakiyar shekarun 2000, sannan sola da tocilar wayar salula suka ƙarasa aikin. A nan labarin ya sake komawa Japan ta hanyar da ban zata ba. Ɗan ƙwayar da ke ba da farin haske a cikin waɗannan fitilu, wanda ake kira LED, ya samu ne bayan masana uku ƴan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun gano yadda za a samar da shuɗin haskensa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Wato jikokin masu andon suna da hannu a hasken da mai shayin Agye yake aiki da shi a daren yau.

Ba na cikin masu kukan rabuwa da hayaƙin kananzir. Wanda ya ga gobarar da aci-balbal ta tayar a ɗakin shibci, ko ya tashi da baƙi a hanci bayan daren bita, ba zai yi fatan komawa baya ba. Abin da nake jin tsoro shi ne mu zubar da kalmomin tare da gwangwanin.

Abin da ya raya kalmomin Japan

Japanawa ma sun bar andon. Bayan 1868 kananzir da gas da lantarki suka kore ta daga ɗakuna, kamar yadda aka yi a ko'ina. Abin da ya hana sunayen mutuwa shi ne an sama wa fitilun sabon aiki. A lokacin Obon, da ake tunawa da magabata, ana rataye chochin a gidaje, ana kuma sakin fitilu a kan ruwa, al'adar da ake kira "toro-nagashi". A Hiroshima ana yin haka a kogin Motoyasu kowace ranar 6 ga Agusta domin tunawa da waɗanda bom ɗin 1945 ya hallaka. A bikin Kanto na birnin Akita, maza suna ɗaga gora mai tsawon mita 12 ɗauke da fitilu 46, su tsayar da ita a goshi ko kafaɗa. A ƙofar Kaminarimon ta birnin Tokiyo akwai jar chochin mai tsayin kusan mita 4 wadda kowane baƙo ke ɗaukar hoto a ƙarƙashinta.

Hukuma da masu fasaha su ma sun taka rawa. A 1951 mai sassaƙa Isamu Noguchi ya je garin Gifu, ya yi aiki da masu yin chochin, suka fito da fitilun takarda masu ƙwan lantarki da ya kira Akari, waɗanda har yanzu ake yi. A 1974 ƙasar ta kafa dokar tallafa wa sana'o'in gargajiya, kuma a 1995 fitilar Gifu ta shiga jerin waɗanda dokar ta amince da su. Darasin a bayyane yake: kalma tana rayuwa muddin akwai hannun da ke yin abin, da idon da ke ganinsa, da lokacin da ake bukatar a kira sunansa. Addininmu da al'adunmu daban suke da nasu, kuma ba bukukuwansu nake kira mu kwaikwaya ba. Kulawar da suka yi ita ce abin koyi.

Kammalawa

Tun daga makarantun gwaji na harsunan gida da aka fara a Damagaram a 1973, har zuwa 2025 da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babban abin da ke cin lokacinmu a tarurruka shi ne ƙirƙirar sababbin kalmomi na kimiyya da mulki. Aiki ne mai kyau. Sai dai mai ƙirƙirar kalma yana bukatar rumbun da zai ɗiba, kuma mutanen da suka kira gilashi ƙwai, suka raɗa wa gwangwani aci-balbal, sun riga sun nuna mana yadda Hausa take karɓar baƙon abu ta ba shi suna. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham da na Abdu Mijinguini da na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana da yawa, amma babu ƙamus da ya bi ƙauyukan Gangara da Gidan Sori da Saye Sabuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma Gobiranci da Katsinanci ba lallai su kira abu da suna guda ba.

Shawarata ga ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin al'adu mai sauƙi ce, ba ta bukatar kuɗi. Kowane malamin Hausa ya ba ɗalibansa aikin hutu: su zauna da dattijo ko tsohuwa a gida, su tambayi da me ake haska ɗaki a ƙuruciyarsu, mene ne sunan abin da sunan kowane ɓangarensa, wane mai ake zubawa, a ina ake saye, wane karin magana ko kacici-kacici ko camfi ya rataya a kansa. A rubuta kalmar yadda aka furta ta, tare da sunan garin da kimanin shekarun mai maganar. Ƙungiyoyi kuma su nemi kasko da aci-balbal da fitilar ƙwai da Petromax tun kafin masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe su, a ajiye a kusurwar ɗakin karatu da suna a jikin kowace. In an tattara na gundumomi uku aka kwatanta, za a sami ɗan littafin da zai amfani mai koyar da harshe da mai koyar da tarihi baki ɗaya.

Ni dai na fara da ajina. Yarinyar nan ta roƙi kakarta aron fitilar, ta kawo ta lakwal a cikin buhu. Muka goge ƙwan, muka sa sabon lagwani, muka rufe tagogi, na ƙyasta ashana. Da harshen wutar ya daidaita, wani yaro ya tambaye ni: "Malam, da wannan ɗan hasken kuka yi karatu har kuka zama malamai?" Na ce masa da shi ne, kuma mu huɗu muke raba shi. Tsohuwar ta aiko da saƙo cewa in mun gama a mayar mata da abinta, domin tun ranar da aka kai ta ɗakin miji take tare da ita. Tsofaffi irinta su ne ƙamus ɗin da ya rage mana a kan wannan babi, kuma ba za su jira mu har abada ba. Allah ya ba mu ikon tambayarsu tun suna iya ba mu amsa.